Tsokar Alade da Haƙoran Walida

Ku biyun nan, Dogara da Alheri, kun girma da rabin labari a kanku game da lokacin da aka daina kai ku gidan su Walida a unguwar Longsight ta Manchester. Dogara ya ɗauka uban Walida, Malam Nasiru, zagina ya yi saboda addini. Alheri kuwa har yau cewa take bakina ne ya jawo, don ta san halin uwarta. Kowannenku ya kama gefe guda, babu wanda ya riƙe tsakiya. Tunda yanzu gwiwa ta zaunar da ni, hannu kuma bai daina riƙe biro ba, bari in shimfiɗa muku abin yadda ya faru, kar wata rana ku miƙa wa 'ya'yanku shi a karkace.

Sai na fara da aladu, don daga wurinsu maganar ta taso. Kakarku Mama Laraba kiwonsu take yi a ƙauyenmu can bayan Kafanchan, da su ta yi mana makaranta. Da farko na gida take da su, baƙaƙen nan masu dogon baki, waɗanda ko jifansu ka yi sai su waiwayo su harare ka su ci gaba da tonon ƙasa. Ina 'yar sakandare aka kawo fararen aladun Turawa, masu faɗin baya, cinya kamar turmi, nama zalla ba kitse. Kowa ya ruɗe, Mama ma ta saya. Girma suke kamar ana hura su, amma ranar kasuwa ke tona musu asiri. A kora alade, a ɗaure shi, a jefa shi bayan a-kori-kura, kafin a kai bakin titi wutsiyarsa ta fara rawa. Sai ya buɗe baki yana haki, fatarsa ta yi jaja-jaja, ƙafafunsa su miƙe su sandare. In ka taɓa shi sai ka janye hannu don zafi. Kafin a nemo ruwa ya mutu, kuma tun bai huce ba ya ƙame. In an feɗe, naman fari fat yana tsiyayar ruwa, masu gasa nama ma ba sa so.

"Waɗannan ba su da zuciya," in ji Mama. "Ƙattin banza ne, tsoro ke kashe su."

Ni kuma ban yarda tsoro kaɗai zai dafa dabba daga ciki ba. Tambayar nan ta bi ni jami'a, ta bi ni duk shekarun da na yi ina koyarwa a Jos, ita ce kuma ta kai ni Ingila neman digiri na uku furfura ta fara leƙowa, lokacin da sa'o'ina ke shirin aurar da 'ya'ya.

Mun sauka a daidai shekarun da gwamnatin ƙasar ta tsuke bakin aljihu. Babanku Ayuba ya samu aiki a gidan kula da tsofaffi a Manchester, muka kama gida a Gorton, ni kuma ɗakin bincikena yana Birmingham. Wasu ranakun mako sai in hau doguwar mota da sassafe, in dawo da yamma ƙafa a kumbure. Kullum da abin da aka rufe ko aka rage. Yau laburaren unguwa ya rage kwanakin buɗewa, gobe an sa wa wurin wasan yara kwaɗo, jibi an sallami wasu a gidan tsofaffin an ɗora wa babanku aikinsu. Mu ma shugaban bincikenmu, wani dogon Bature da kofin shayi ba ya barin hannunsa, ya gaya mana ba lallai a sabunta tallafinmu ba. Duk da haka ina jin daɗin aikina, ba zan ɓoye muku ba. Na zo neman amsa, kuma kullum ina ganinta da idona.

Daga mayanka ake kawo mana tsokar alade da ɗuminta, cikin ruwan gishiri. Mu yanka ta sili-sili, mu rataya kowane sili a 'yar kwalba mai ruwan ɗumi, mu ɗaura shi da na'ura mai auna ƙarfin ja. A cikin kowace ƙwayar tsoka akwai ɗan rumbu da aka tara sinadarin kalsiyum, rumbun kuma yana da ƙofa. In za ka ɗaga hannu, jijiya ta ba da umarni, ƙofar ta buɗe, kalsiyum ya fito, tsoka ta ɗaure. Sai ƙofar ta rufe, a kwashe shi a mayar rumbu, tsoka ta saki. Fararen aladun Mama gadon ƙofa mai sakakkiyar sakata suka yi. Firgita ko zafin rana ko gudu ya isa ya banke ta, in ta buɗe kuwa ba ta komawa. Tsoka ta yi ta ɗaurewa ba sakewa, tana ƙone duk abincin da ke cikinta, jiki ya ɗau zafi, jini ya yi tsami, zuciya ta gaji ta tsaya. Abin da ya fi komai saurin banke ƙofar nan shi ne iskar da likitoci ke shaƙa wa mutum don ya yi barci lokacin tiyata. In muka busa ta a kwalba, silin lafiyayyen alade kwanciyarsa yake yi, na mai gadon nan kuwa nan take zai ƙanƙance ya fizgi na'urar. Kuma duk mai wannan aiki ya san akwai mutane ƙalilan masu irin wannan ƙofa, da suka gada daga uwa ko uba. Su firgita ba ta cika yi musu komai ba. Sai su yi rayuwarsu lafiya lau, ana noma ana ƙwallo da su, har ranar da aka kwantar da su aka ɗora musu iskar nan a hanci.

Hassana uwar Walida kuwa a kasuwar Longsight na tsince ta. Ina juya wata busasshiyar kuɓewa ina mita ni kaɗai da Hausa, sai na ji murya a bayana.

"Wallahi Anti, wannan kuɓewar ta girmi kakata."

Daga ranar muka ƙulle. Mijinta Malam Nasiru ɗan Gusau ne, yana karatun injiniya a jami'ar Manchester, 'yarsu ɗaya Walida sa'ar Alheri. Na girmi Hassana nesa ba kusa ba, amma a ƙasar da sai ka yi mako ba ka ji wanda ya ce maka sannu da harshenka ba, wa ke ƙirga shekaru? Ranakun da nake Birmingham ita ke ɗauko Alheri daga makaranta, Dogara ya same su can, ku ci tuwo ku yi aikin gida har ɗayanmu ya biyo. Ran Asabar ni ke riƙe Walida don uwarta ta je ajin Turanci. Sun san aikina sarai. Malam Nasiru mutum ne mai kamun kai, bai taɓa furta sunan dabbar a gabana ba, sai dai ya ce, Maman Dogara, ya waɗancan mutanen naku? In ce suna gaisuwa. Ni kuma naman gidana a wurin mahaucinsu na Stockport Road nake saye, don kar wani ya zo gidana yana cin abinci da ɗar-ɗar.

Da sanyi ya fara shigowa, ƙanen Malam Nasiru mai suna Sadiku ya rasu a gida. Saurayi ne ƙaƙƙarfa, an shiga da shi tiyatar afendis bai fito ba. Muka je ta'aziyya ni da babanku, maza a falo, mata a kicin da kan matakala, takalma jibge a ƙofa. Da mutane suka ragu muna wanke kwanuka, sai Hassana ta tura ƙofar kicin da ƙafa ta rage murya.

"Anti, zan faɗa miki wata magana, amma amana. Ko Baban Dogara kar ya ji."

"Faɗi, ƙanwata."

"Wannan ne na biyu a gidansu. Yayarsu Asabe ma haka ta tafi, wajen haihuwa, da aka yi mata aiki. Nas ɗin da ke kan Sadiku 'yar unguwarmu ce. Ta gaya wa mamata wai suna sa masa abin barci haƙoransa suka datse, jikinsa ya sandare, ya yi zafin da har suka rasa ƙanƙarar da za su zuba masa. A gidan ba a maganar. Ga 'yan mata ba su yi aure ba, kin san bakin mutane, yanzu a ce gidan da wani abu."

Na tsaya da faranti a hannu, famfo na zuba. Aladun Mama suka faɗo min a rai, amma na ce wa raina, Rahila, kin cika ganin aladunki a ko'ina, kuma ranar makoki ba ranar lacca ba ce. Na ce Allah ya kiyaye gaba, muka ci gaba da wanke-wanke.

Da abin ya tsaya nan, da na haɗiye shi, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. To amma Walida na da ruɓaɓɓun haƙoran ciki, alewar kanti ta gama da su. Yarinya ba ta barci, kumatu a kumbure, an sha maganin ciwo har an gaji. Sun daɗe ƙwarai a layin asibiti, don a lokacin komai layi ne. 'Yan makonni bayan rasuwar aka ba su rana. Za a cire duka a zama ɗaya, kuma sai an sa ta barci. Hassana ta kira ni tana murna. Na tambaye ta ko an yi musu wasu tambayoyi a asibitin.

"An yi. Nas ta tambayi Abban Walida ko a family akwai wanda maganin barci ya taɓa ba matsala."

"Ya ce me?"

"Ya ce babu."

Ku fahimce ni a nan, don a nan Dogara ya karkace. Malam Nasiru ba ƙarya ya yi ba. A wurinsa babu ɗin ne. Sadiku kwanansa ne ya ƙare, Asabe kwananta ne ya ƙare. An rasu da hantsi, an yi sutura kafin la'asar, ba wanda ya binciki gawa, ba likitan da ya zaunar da su ya ce ga abin da ya faru. Kuma a tarbiyyarmu gaba ɗaya, mu da su, ba ka tsayawa kana tonon yadda mamaci ya mutu kamar mai tuhumar Ubangiji. Ni ma da Mama ta rasu ban tambayi kowa komai ba. Nas ta yi tambayar Turawa, shi ya ba ta amsar gida, kowa ya tashi yana ganin an fahimci juna.

Na fara da Hassana. Na je na zaunar da ita na yi mata bayani a hankali, cewa akwai hanyar sa yarinya barci ba da iskar nan ba, in dai likita ya sani tun da wuri. Ta saurara har ƙarshe, sai hawaye.

"Anti, ki rufa min asiri. In ya san na fitar da maganar gidansu na shiga uku. Kuma in muka ta da wata magana suka ɗaga appointment ɗin nan, sai wata shekara. Kin ga yadda yarinyar nan ke kwana."

Ban ga laifinta ba. Yarinya ce a ƙasar mutane, ba uwa ba uba, mijin nan shi ne komai nata. Na dawo gida na kasa cin abinci, kuma a kan teburinmu na Gorton na fara cin amanarta, na kwashe komai na gaya wa babanku. Kun san shi, sai ya gama tauna lomarsa kafin ya tanka.

"Rahila, kin tabbata?"

"Ban tabbata ba, ni ba likita ba ce. Amma in kuskure na yi, an ɓata wa likita ɗan lokaci, shi ke nan. In daidai na gani na yi shiru fa?"

"Kin san in kika je, Hassana ce za ta sha."

"Na sani."

"To ki je. Abu ɗaya nake roƙonki. Kar ki ambaci alade."

Na ce masa ni yarinya ce da zai gaya min wannan?

Ran Lahadi bayan sujada na hau bas zuwa Longsight, ko kayan coci ban cire ba. Na same su duka a falo. Muka gaisa, aka sake ta'aziyya, Hassana ta kawo shayi. Na ce Malam, wurinka na zo. Na gaya masa akwai wani abu da ake gado, wanda ba ya nuna kansa sai an shaƙa wa mutum iskar barci, kuma yadda ƙanensa da yayarsa suka tafi ya yi kama da shi. Na ce ba ina cewa lallai shi ba ne, roƙona kawai ya gaya wa likitan Walida. Ya saurare ni bai katse ni ba. Da na gama bai kalle ni ba, matarsa ya kalla, ita kuma ta sunkuyar da kai. Sannan ya juyo.

"Maman Dogara, ke likita ce?"

"A'a."

"To a ina kika taɓa ganin wannan abin?"

Ga ramin da babanku ya nuna min, ina kallonsa. Da na iya cewa a littafi na karanta, kuma ba ƙarya ba ne. Amma tambayar gani ya yi min, ni kuma abin da na gani da idona shi ne ƙarfin maganata.

"A wurin aikina nake ganinsa, kusan kullum."

"A wurin aikinki." Ya ajiye kofin a hankali. "Ƙanena ko kwana arba'in bai yi a kabari ba, kin shigo falona kina gaya min jinin ubana da na alade ɗaya ne."

A nan ne Alheri take da gaskiyarta. Da na yi shiru, ko na ba shi haƙuri, wataƙila da abin ya zo da sauƙi. Amma zuciya ta ɗebe ni, don yarinyar tana saman bene ina jin tafiyarta.

"Ban ce jinin ubanka ba, Malam. Tsokata ni ma ƙirarta ke nan, haka ta limaminku, haka ta fastonmu. Wanda ya yi mu bai nemi shawarar kowa ba."

Ya miƙe. Bai ɗaga murya ba, kuma ku ji da kyau, bai zage ni ba, ko kalma ɗaya. Ƙofa ya buɗe ya tsaya a gefe.

"Mun gode. A gaida Malam Ayuba."

Ina sa takalmi na ce masa in ya ƙi ni ya ƙi ni, amma ya kira gida ya tambayi matan da suka yi wa Asabe wanka. Ya ci gaba da riƙe ƙofar. Na fito cikin yayyafi, na tsaya a tashar bas ina kuka kamar ƙaramar yarinya, haushin kaina da tsoro sun haɗe min.

Washegari saƙo ya shigo wayata daga Hassana, wai ba za ta samu damar ɗauko Alheri ba daga yau. Kalmomin ba nata ba ne, na san yadda take rubutu. Babanku ya yi ta musayar lokutan aiki da abokansa, aka rataya wa Dogara makulli a wuya, kuka koma cin burodi da wake na gwangwani. Bai taɓa ce min ai na gaya miki ba, wanda ya fi min ciwo a kan da ya faɗa. Na kira Hassana ba ta ɗauka ba. Ana gobe aikin na nemo lambar sashen yara na asibitin na kira. Matar da ta ɗauka ta saurare ni da ladabi, ta ce ba za ta iya maganar yarinya da wanda ba iyayenta ba, amma za ta isar da saƙo. Daga muryarta na ji mutum ɗaya ce ke aikin mutum uku. Ban ga laifinta ba, ban kuma sake da ita ba.

Ranar aikin ta faɗo daidai ranar da za a kawo mana tsoka ta ƙarshe kafin tallafinmu ya ƙare, tsoka kuwa ba ta jiran kowa, in ta huce ta zama nama. Na aika wa shugabanmu cewa ba zan zo ba, na hau bas zuwa asibiti. Ban san me zan yi a can ba. Ba ni da ikon shiga, ba ni da ikon hana komai. Na dai zauna a kujerar roba a barandar sashen, jaka a cinya, na ce ko likitan barci zai wuce ta gabana in tare shi, in ya so a kira masu gadi su fitar da ni. Ƙofa na buɗewa Walida ta hango ni, tana sanye da rigar asibiti mai ɗaurin baya.

"Auntie Rahila, I'm starving. They won't even give us toast."

Yunwa take ji, an hana ta karyawa. Uwarta ta janye ta ciki. Can sai ga Malam Nasiru ya fito, idanunsa ja, ya tsaya a gefena yana kallon bango. Na gaishe shi ya amsa. Na shirya jin kowace irin magana ban da wadda ya yi.

"Jiya na kira Hajiyarmu. Na tambaye ta abin da kika ce."

Na miƙe tsaye, jaka a hannu.

"Da ƙyar ta faɗa min. Ta ce Gwaggo ce ta yi wankan. Wai har aka kawo Asabe gida jikinta da zafi kamar mai zazzaɓi, hannuwanta kuma sun ƙi lanƙwasuwa. Duk shekarun nan su biyu suka sani." Ya share fuska da tafin hannu. "Ta ce kar in bari a taɓa mata jika sai na faɗa. Ni ban san sunan abin ba. Ki zo mu shiga."

Likitar barci wata 'yar gajeriyar mace ce mai saurin magana. Saƙona ya iso ta, amma a dunƙule, kuma ga amsar uban yarinya ta ce babu, don haka dama shi take jira. Shi ya yi maganar, ba ni ba. Ya tsaya a gaban baƙuwar mace ya ce ƙanena, ya ce yayata, ya faɗi zafin, ya faɗi sandarewar, abin da a gidansu ko a tsakanin uwa da ɗa ba a taɓa furtawa ba sai jiya. Bai tsallake komai ba. Ni sunan cutar kawai na faɗa da Turanci. Likitar ta ja kujera ta zauna, ta yi masa tambayoyi, ba faɗa ba tsawa, ta yi masa godiya. Ta ce ba za a fasa aikin ba. Za su shirya na'urar da babu ɓurɓushin iskar a cikinta, su sa yarinya barci da maganin jijiya, su ajiye maganin karya abin a kusa, sai dai a ƙara jira zuwa bayan azahar. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Abin da ya biyo baya kun san wasu, ba ku san wasu ba. Bayan watanni an yanki 'yar tsoka a cinyar Malam Nasiru, aka rataya ta a kwalba kamar yadda muke yi, aka busa mata iskar, ta ƙanƙance. Abin hannun nan na ƙarfe da Walida ke sawa har yau, wanda Alheri ta yi ta kukan a saya mata irinsa, gargaɗi ne ga likitoci. Da ya koma gida shi da kansa ya tara 'yan'uwansa ya gaya musu. Ƙannensa mata duk sun yi aure, duniya ba ta tashi ba, ɗayarsu ma da tiyata ta haihu kuma ta tashi. Ni digirina sai da ya ƙara shekara, na yi ta bara a ɗakunan binciken wasu kafin in samu tsokar da zan ƙarasa. Wannan ban taɓa kuka da shi ba. Wadda ta biya da gaske Hassana ce. Ta sha fushin miji, ta sha maganar dangin miji, an kira ta mai kai sirrin gida waje. Zumuncinmu ya dawo, kun koma cin tuwonta, har yau ba ta Sallah ba ta kira ni ba. Amma ba ta sake tura ƙofar kicin ta rage murya ta gaya min wani abu ba. Ina jin zafin wannan, kuma na san haƙƙinta ne.

A ranar dai ba mu san ko ɗaya daga cikin wannan ba. An tura Walida a gado tana ɗaga mana hannu, muka koma baranda mu uku, kujera ɗaya a tsakanin kowa da kowa. Malam Nasiru ya tashi ya je ya yi salla ya dawo. Ni ina tawa addu'ar a zuci, kalma ɗaya nake ta maimaitawa. Hassana tun safe ba ta kalle ni ba, tana ta murza bakin mayafinta. Duk ƙofar da ta motsa sai mu ɗago kai tare. Ni da na san abin da tsoka ke iya yi, na fi su tsoro, don likita ma mutum ce, kuma na ga yadda abin ke zuwa ba sallama.

Da nas ta leƙo ta ce iyayen Walida su shigo, na gyara zama don in ba su hanya. Malam Nasiru ya waiwayo ya gaya wa nas ɗin cewa ni yayar uwarta ce, tare muke.

Tana kwance a gefe, auduga cike da baki, ido rabi a buɗe, tana ƙunƙuni wai an yi mata alkawarin ƙanƙara mai zaƙi. Uban ya tsaya a ƙafar gado leɓensa na motsi. Ni ban iya tsayawa ba. Na taɓa goshinta, na taɓa wuyanta, na kama 'yan yatsunta na lanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya bi hannuna laƙwas. Hassana na ɗaya gefen gadon, hannuwanta a ƙirji, ta kasa taɓa 'yarta. Sai a lokacin ta ɗago ta dube ni.

"Anti, ya kika ji ta?"

Na miƙa hannu ta saman gadon, na kamo nata, na ɗora shi a goshin yarinyar.

"Ji da kanki, ƙanwata. Sanyi ƙalau."